Maigidana ya karye a aikin gadin daji, mu tafi kotu neman diyya?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Maigidana yana cikin masu sintiri a wani gandun daji. Wata huɗu ke nan babur ɗin aiki ya kayar da shi saboda birkinsa ya daɗe da lalacewa, kuma sun sha faɗa wa shugabansu. Ya karye a cinya, sai da ya kwana a dajin kafin abokan aikinsa su fito da shi. Mun fara kai shi wajen mai ɗori, ƙafar ba ta zauna ba, yanzu muna zuwa asibitin ƙashi na Dala. Ofishinsu sun aiko da ɗan kuɗi sau ɗaya, da takardar da suke so ya sa hannu cewa magana ta ƙare. Sun ce ai shi ba ma'aikacin dindindin ba ne. Yayyensa sun ce mu tafi kotun Musulunci a yanke masa diyyar ƙafa. Me ka gani? Daga wata 'yar'uwa a birnin Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ce. Abin da zan faɗa ya dogara ne kan bayaninki kaɗai, ban ga takarda ko ɗaya ba, don haka ki ɗauke shi a matsayin haske, ba hukunci ba.

Kafin komai, kada ya sa hannu a wannan takardar. Sashe na 13 na Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ya hana ma'aikaci ya yi yarjejeniya da wanda ya ɗauke shi aiki a kan ya yafe haƙƙinsa na diyya, saboda haka ko ya sa hannun, da wuya takardar ta tsaya a gaban alƙali. Amma me zai sa ku ba su abin da za su riƙa ɗaga muku gobe? Kuɗin da suka aiko ku riƙe, ku rubuta ranar da aka kawo da adadinsu da wanda ya kawo.

Sai maganar yayyensa. Na fahimci zafin da suke ji, amma hanyar da suka nuna ba za ta ɓulle ba. Ba fatawa nake bayarwa ba, malamai sun yi bayanin diyyar gaɓoɓi kuma ba ni da ja a kai. Matsalar ta hurumi ce. Tun gyaran da aka yi wa Kundin Tsarin Mulki a 2010, sashe na 254C ya damƙa duk wata rigima tsakanin ma'aikaci da wurin aikinsa, har da batun lafiya da kariyarsa a bakin aiki, ga Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ita kaɗai. Tana da reshe a nan Kano. Idan kuka shigar da ƙara a kotun Musulunci ko ta majistare, abin da ya fi yiwuwa shi ne lauyan ofishinsu ya miƙe a zaman farko ya ce kotu ba ta da hurumi, a kori ƙarar, ku kuma kun ɓata watanni. Watannin nan kuwa su ne abin da ba ku da shi.

Akwai kuma wani zato da nake jin yana bayan tambayarki, wato cewa alƙali zai dubi ƙafar ya yanke miliyoyi a ba ku a dunƙule. Dokar 2010 ba haka take aiki ba. Ta kafa asusu ne a hannun NSITF, wato hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnatin tarayya, asusun da kowane mai ɗaukar ma'aikata, gwamnati ko kamfani, ya kamata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya, ba tare da an cire ko sisi daga albashin ma'aikaci ba. Wanda ya ji rauni a bakin aiki, asusun ne ke biyansa, kuma ba a tambayarsa ya tabbatar da laifin wani. Wannan sauƙi ne babba. Sai dai abin da ake biya lissafi ne a kan albashinsa da kuma gwargwadon naƙasar da likita ya tabbatar. Wanda ya naƙasa gaba ɗaya har abada, dokar ta ce a riƙa ba shi kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Wanda zai warke ya koma aiki, kamar yadda muke fata ga maigidanki, nasa bai kai haka ba, ko da yake kuɗin magani na iya shiga ciki. Gara ki ji wannan daga bakina yau.

To maganar birkin fa? Tana da nauyi. Wajibi ne a kan mai aiki ya ba ma'aikacinsa kayan aiki masu lafiya, kuma an sha samun ma'aikatan da suka kai ƙarar sakaci Kotun Ma'aikata suka yi nasara. Amma sashe na 12 na dokar ya nuna cewa diyyar asusun tana tsayawa ne a madadin irin wannan ƙarar, kuma lauyoyi na jayayya a kan iyakar sashen. A mafi yawan lokuta ba a cin biyun. Sannan ƙarar sakaci tana son hujja. "Sun sha faɗa wa shugabansu" da baki ne ko a rubuce? Abokan aikin da suka ɗauko shi daga daji, za su yarda su tsaya a kotu su ba da shaida a kan ofishin da ke biyansu albashi? Wasu za su yi, da yawa ba za su yi ba, kuma ba na ganin laifinsu. Ƙari a kan haka, akwai dokar kare jami'an gwamnati da ta ba da wata 3 kacal a shigar da wasu ƙararraki. Kotuna sun saɓa kan ko tana shafar rigimar aiki, amma ki tabbata lauyansu zai kawo ta.

Cewar da suka yi wai ba ma'aikacin dindindin ba ne, wannan ita ce ta fi ɓata mini rai, domin duk wanda ke riƙe da ofishin ma'aikata ya kamata ya san ba hujja ba ce. Dokar diyyar ta 2010 ta fayyace cewa ma'aikaci ya haɗa da na wucin gadi, da na ɗan lokaci, da ɗan koyo, ko da baki aka ɗauke shi ko a rubuce. Mutumin da aka ba shi kaki da babur aka tura shi sintiri, a ce ba a san da shi ba ranar da ya faɗi? Abin da kawai za ku buƙata shi ne shaidar cewa yana aikin: katin shaida, saƙon banki na shigar albashi, jadawalin sintiri mai sunansa, ko hotonsa cikin kaki.

Ba ki faɗi sunan dajin ba, kuma a nan ne za ku fara bincike. Manyan gandayen ƙasa irin su Gashaka Gumti da Kamuku da Tafkin Kainji suna ƙarƙashin hukumar gwamnatin tarayya. Yankari ta koma hannun jihar Bauchi tun 2006. A 2020 gwamnatin tarayya ta amince da ɗaga wasu dazuzzuka 10 zuwa matsayin gandun ƙasa, cikinsu har da Falgore ta nan Kano. Wani wurin kuma kamfani ko wata ƙungiya ce ke ɗaukar masu gadi. Saboda haka ku duba wa ke biyansa albashi a zahiri, domin shi ne za a rubuta wa, kuma shi ne za a tambaya ko yana zuba kasonsa a asusun. Idan ba ya zubawa, laifin nasa ne ba na maigidanki ba, amma a aikace hakan kan sa fayil ya daɗe yana jira.

Wa'adi kuwa ga yadda yake. Ma'aikaci zai sanar da wurin aikinsa cikin kwana 14, su kuma su kai rahoto NSITF cikin kwana 7. Naku ya wuce, amma dokar ta yi sassauci idan mai aikin ya riga ya san da hatsarin, kuma wanda ya aiko da kuɗin jinya ba zai ce bai sani ba. Wanda ba na so ku yi wasa da shi shi ne na shekara 1 don neman diyyar. Wata huɗu sun tafi. Idan aka ƙi biya, akwai kwana 180 na ɗaukaka kuka a cikin hukumar NSITF, daga nan sai Kotun Ma'aikata.

Zuwan da kuka yi wajen mai ɗori bai kashe haƙƙinsa ba a fahimtata, sai dai ya bar giɓi a takardu, kuma za a iya cewa shi ya ƙara lalata ƙafar. Ku roƙi likitan Dala rahoto a rubuce da ya faɗi irin karayar da abin da ya jawo ta, ku adana hoton ƙashi da duk rasit.

Shawarata dai ku nemi sulhu tukuna. A rubuta wa shugaban wurin wasiƙa cikin ladabi, a karɓi kwafi mai hatimin ofis, a nemi su cike fom ɗin NSITF, su biya kuɗin asibiti da albashin da aka riƙe idan akwai, su kuma ba shi aiki mara wahala, kamar tsaron ƙofa, idan ya fara takawa. Kada ya ajiye aiki, kuma duk takardar hutun da likita ya bayar a kai musu. Zan so a saka wani abu a wasiƙar wanda ba kuɗi ba ne: a gyara baburan, a ba masu sintiri hular kwano da takalma masu tsawo da akwatin agajin gaggawa da rediyon oba-oba, a daina tura mutum inda in ya faɗi sai ya kwana. Kotu ba kasafai take ba da wannan ba, amma a teburin sulhu ana samu, musamman idan ƙungiyarsu ta ƙwadago ta sa baki.

Idan suka yi shiru mako biyu zuwa uku, akwai ofishin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, da Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, ita ma Kotun Ma'aikatan tana da sashen sasanci. Ofishin NSITF na Kano kuwa kada ku jira kowa, zuwa da kai ya fi saƙo. Wani daga cikin yayyen nasa ya ɗauki takardun ya je a makon nan ya tambaya ko an taɓa kai rahoton hatsarin. Amsar da ya samo ita za ku kai wa lauya, ko Hukumar Ba da Agajin Shari'a idan babu halin ɗaukar lauya.