Hukuncin ƙasaru da taimama ga mai ratsa Nebada a kan keke

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina karatu a Amurka. Ni da abokaina muna shirin ratsa jihar Nebada a kan keke ta hanya mai lamba 50, mu bi ta tsofaffin garuruwan haƙar ma'adinai irin su Austin, Eureka da Ely. Yawon buɗe ido ne kawai. Shin zan iya yin ƙasaru? Kuma idan ruwan da na ɗauko bai wuce na sha ba, yaya zan yi da alwala?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Shari'a ba ta duba abin hawa a babin ƙasaru, nisa take dubawa da manufar tafiyar. A mazhabar Malikiyya nisan baridi huɗu ne, wato mil 48 na shari'a, kimanin kilomita 80 da 'yan kai. Tsakanin Eureka da Ely kaɗai ya haura kilomita 120, don haka maganar nisa ta ƙare.

Inda ake tsayawa shi ne manufa. Malamanmu sun karhanta ƙasaru ga wanda ya fita don wasa zalla. Amma ni a ganina tafiyarka ba ta shiga nan ba, matuƙar babu saɓo a cikinta. Motsa jiki halal ne, kuma Alƙur'ani ya yi umarni da tafiya a bayan ƙasa don ganin ƙarshen mutanen farko. Garin Austin da ya cika maƙil bayan an gano azurfa a 1862, yau mazaunansa 'yan ɗaruruwa ne ko ƙasa da haka. Gyara niyyarka, ka yi ƙasarun Azahar, La'asar da Isha. Idan kuka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wani gari, sai ka cika.

Batun ruwa ya fi damuna. A wannan hanya mai keke kan wuni bai ga famfo ko shago ba. Ruwan da rayuwarka ko ta abokin tafiyarka ta rataya a kansa, hukuncinsa kamar babu shi ne. Ka sha, ka yi taimama, kuma babu ramuwa a kanka. Ƙarar da shi wajen alwala a tsakiyar hamada ganganci ne, ba tsantseni ba.

Sai dai ka lura da inda za ka ɗora hannu. Taimama ta inganta a kan turɓaya, yashi da dutse, ga su nan birjik a gefen titi. Ka nisanci tarin ƙasar da aka tono daga ramukan ma'adinai da tokar gidajen narka ƙarfe. An samu gubar dalma da asenik a ƙasar Eureka har hukuma ta yi aikin kwashe ta, mu kuwa ba mu manta da yaran da dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ba.

Haka ruwan da ke tsatsowa daga tsofaffin ramukan. Asali dai, ruwan da ƙasar da yake kwance a kanta ta sauya masa launi yana tsarkakewa. Amma wanda ake kyautata zaton yana cutarwa, kada ka kuskure baki da shi, kada ka shafa shi a fuska. Taimama ta isar maka. Wallahu a'alam.