Amsar tambayar Yaya kan tsadar man fetur

(Muryar da aka turo ce jiya da daddare, an ce a rubuta ta saboda waɗanda ba su samu damar saurare ba. Yadda ya faɗa haka na rubuta.)

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. Ku yi haƙuri murya zan yi, don in na ce rubutawa zan yi sai yatsa ya ƙage. Yaya na ga tambayarka tun da la'asar, ka ce wai me ya sa mai kullum sama yake yi, kuma ko an ji a labarai ɗanyen mai ya sauka a kasuwar duniya in ka je gidan mai sai ka tarar ko gezau. Na kuma ga musun da ya biyo baya, Alhaji ya ce duk laifin gwamnatoci ne, ƙanenmu ya ce a'a babu ruwan kowa, kasuwar duniya ce. To ni shekarun da na yi ina riƙe da littafin man motocin kamfani su suka tilasta mini bin wannan magana, don duk ƙarshen wata ni ake tsarewa a ce ina mai ya tafi. Alhaji da gaskiyarka, ƙanena kai ma da taka, sai dai kowannenku rabi ya riƙe.

Kuɗin da kake miƙawa a kan lita ɗaya, kuɗaɗe ne da yawa aka tara wuri guda. Akwai na ɗanyen man kansa, akwai na tacewa, akwai dakon jirgin ruwa da inshora da tanka, akwai canjin kuɗi, akwai haraji ko tallafi, sai ɗan abin da mai gidan mai zai samu, wanda wallahi sau da yawa shi ne mafi ƙanƙanta duk da shi muke zagi saboda shi muke gani.

Ɗanye da ganga ake auna shi, ganga ɗaya lita 159 ce, kuma duniya tana shan wajen ganga miliyan 100 a kullum, a kullum fa. Abin da ya sa farashinsa yake da saurin tashi shi ne mutane ba sa iya dainawa. In takalmi ya yi tsada sai ka haƙura da tsohon, amma mai tirela da ya ɗauko kaya ba zai ajiye ta a hanya ba, manomi mai tarakta ba zai fasa huɗa ba, jirgin sama ba zai tashi da ruwa ba. Shi ya sa ko kaɗan man ya ragu a kasuwa sai farashi ya yi tsalle fiye da abin da ya ragu. Kai ko bai ragu ba ma, tsoron zai ragu kawai ya isa, don yawancin cinikin na watanni masu zuwa ake ƙullawa tun yanzu.

A nan siyasa take shigowa, Alhaji. Ƙungiyar OPEC, ta ƙasashe masu arzikin man fetur, a Bagadaza aka kafa ta 1960, ƙasashe biyar, Saudiyya da Iran da Iraƙi da Kuwait da Venezuela. A 1973 lokacin yaƙin Larabawa da Isra'ila ƙasashen Larabawa suka hana Amurka da wasu ƙasashe mai, ganga ta tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan dala 12 cikin 'yan watanni, aka riƙa layi a gidajen mai a Amurka. Tun daga nan duniya ta san mai makami ne. A 2016 ƙasashen OPEC suka jawo Rasha da wasu aka zama OPEC+, kuma aikinsu ba ɓoye shi suke ba, zama suke su ce bana ga yawan da za mu haƙo. In sun rage, farashi ya hau. A Oktoban 2022 suka sanar da rage ganga miliyan 2 a kullum, gwamnatin Biden ta yi ta fushi saboda zaɓen rabin wa'adi ya matso kuma Ba'amurke da farashin gidan mai yake auna shugabansa. Ita ma Amurkan a shekarar ta buɗe rumbun ajiyarta ta saki ganga miliyan 180 don ta danne farashi. Kun ga ke nan kowa nasa yake karewa.

Sai yaƙi da hanya. Rasha ta shiga Yukiren 24 ga Fabrairun 2022, kafin tsakiyar Maris gangar Brent, wato ɗanyen man da ake auna farashin duniya da shi, ta kusa taɓa dala 140. Akwai kuma wani ɗan mashigin ruwa tsakanin Iran da Oman, Hormuz, kusan kashi ɗaya cikin biyar na man da duniya ke sha ta nan yake bi, shi ya sa da an ji hayaniya a yankin sai kasuwa ta firgita. Da 'yan Huthi na Yemen suka fara kai wa jiragen ruwa hari a Bahar Maliya ƙarshen 2023, jirage da yawa suka daina bi ta Suwez suka koma zagayowa ta ƙasan Afirka ta Kudu, ƙarin kwana goma ko fiye, ƙarin man jirgi, ƙarin inshora, kuma duk wannan a kan litarka zai sauka.

Amma kada a ce kullum hawa yake, yana faɗuwa. Yulin 2008 ya kai dala 147, kafin shekarar ta ƙare ya dawo ƙasa da 40. Lokacin korona ma abin dariya ya faru, 20 ga Afrilun 2020 farashin man Amurka ya faɗi ƙasa da sifili, wajen dala 37 a ƙasa, wato mai kaya ne zai biya ka ka ɗauke masa, don motoci a ajiye jirage a ajiye kuma tankokin ajiya sun kusa cika.

Yawwa, to ga inda gizo ke saƙar, tambayarka ta biyu Yaya. Me ya sa in ya sauka can ba ya sauka nan. Na farko dai da dala ake cinikin mai. A ce ganga ta sauka da kashi goma amma kuɗin ƙasarku ya karye a gaban dala da kashi ashirin, kai a wajenka tashi ya yi, ko da labarai suna ta cewa ya sauka. A 2022 da babban bankin Amurka ya yi ta ƙara kuɗin ruwa dala ta yi ƙarfi, ƙasashe da yawa sau biyu suka sha duka, ga tsadar ganga ga tsadar dala. Sannan kai ba ɗanye kake zuba wa mota ba, sai an tace, kuma ganga ɗaya ko rabinta ba ya zama fetur a yawancin matatu, sauran dizal ne da kananzir da man jirgi da kwalta da sauransu. In matatu suka yi kaɗan ko aka rufe wata don gyara, sai tataccen ya yi tsada alhali ɗanyen yana nan yadda yake. Shi ya sa za ka ga ƙasa tana haƙo mai amma tana sayo fetur daga waje da dala, ta sayar da arha ta sayo da tsada ta kuma biya dako. Sai kuma halin kasuwa, wanda ya sari kaya da tsada ba zai karya ba sai ya ƙarar, amma da ya ji gobe zai tashi yau ɗin nan zai canza allo, yana cewa da me zan sake saro wani. Hawa a guje, saukowa tafiyar hawainiya. Wannan ko'ina a duniya haka yake, masana ma sun daɗe suna rubutu a kai.

Haraji da tallafi kuwa nan ne hannun gwamnati tsirara, babu wata kasuwar duniya da za a laɓe a bayanta. A ƙasashen Turai da yawa wajen rabin kuɗin lita haraji ne. Wasu ƙasashen kuma akasin haka, gwamnati ke cikasa kuɗin don a sayar da arha. Tallafin nan yana da daɗi amma yana cinye kasafi, mai motoci biyar ya fi mai babur ɗaya mora, ana kuma fasa-ƙwaurinsa zuwa maƙwabta inda ya fi tsada. Sai dai cire shi dare ɗaya wuta ce. Najeriya ta gwada a Janairun 2012 zamanin Jonathan ƙasa ta tsaya cak sai da aka dawo da wani ɓangare na tallafin, aka sake cirewa 29 ga Mayun 2023 ranar rantsar da Tinubu. Ikwado a Oktoban 2019 sai da shugaban ya kwashe gwamnati daga babban birni zuwa Guayaquil, ƙarshe ya janye dokar cire tallafin. Iran a Nuwamban shekarar da aka ƙara kuɗin mai an rasa rayuka da yawa a zanga-zanga. Faransa masu rawayar riga a 2018 kan ƙarin harajin mai suka fito, Macron ya janye ƙarin. Siri Lanka a 2022 dalar sayo man ce ta ƙare, mutane suna kwana a layi, har shugaban ya gudu ya bar ƙasar a Yuli. Ni a ganina ba cirewar kaɗai ke tunzura mutane ba, rashin ganin inda kuɗin ya tafi ne. Jamus a 2022 da mai ya yi tsada ta yi tikitin yuro 9 na wata guda, ka hau bas da jirgin ƙasa na kusa iya son ranka, wata uku aka yi ana haka. Mutum ya ga wani abu a hannunsa. In ka cire ka ce a yi haƙuri kawai, ga kuɗin mota ya ninka ga kayan masarufi sun bi, don duk abin da ka gani a kasuwa mota ce ta kawo shi, to dole a yi kuka.

To yanzu me za mu yi. Ni abin da aiki ya koya mini, ka daina lissafin mai da kuɗi, ka koma lissafi da lita. Yawancinmu in aka ce motarka kilomita nawa take yi a lita ɗaya sai ka ji shiru, sai dai na sha na kaza ya kai ni kwana uku. Wannan ba lissafi ba ne, don farashin yana canzawa a ƙarƙashinka. Ka cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, ka rubuta lambar kilomita, ka yi harkokinka, ranar da ka sake cikawa ka rubuta lita nawa ta ɗauka da kilomitar da ka yi. In ta yi 400 ta sha lita 40, goma ke nan a lita. Shi ke nan ka samu ma'auni, duk abin da ka gyara za ka gani da idonka.

Akwai wani direbanmu, dattijo ne mutumin kirki, motarsa iri ɗaya da ta abokin aikinsa, hanya ɗaya suke bi, amma kullum tasa ta fi sha. Har an fara gunaguni ko zuƙa yake yana sayarwa, abin ya dame shi ƙwarai. Rannan na ce Baba yau tare za mu fita. Muna zuwa inda za a sauke kaya ya yi fakin, ya bar inji a kunne da esi, ya kwantar da kujera, muka yi kusan awa ɗaya a haka, wai kashewa da tayarwa ya fi cin mai. Wannan maganar zamanin kabureta ce, motar injekta in tsayuwar ta wuce minti ɗaya ko biyu kashewa ya fi. Da muka tsaya wajen mai faci aka sa geji, tayoyin baya biyu duk iskarsu ta yi ƙasa sosai, ga ido kuwa lafiya lau. Ga but cike da tsohon batir da ƙarafa da ya manta da su. Mutumin nan ko ɗigo bai taɓa sata ba, kunya ce ta kama ni da na tuna har da ni a masu zargi.

Gudu ma yana sha, don iskar da mota ke turewa ba daidai da gudun take ƙaruwa ba, in ka ninka gudu ita sau huɗu take ninkuwa, shi ya sa tsakanin 90 da 130 bambancin mai yawa ne a doguwar tafiya. Haka figar mota a taka totur sannan a daki birki a gaba, man da ka ƙona ne kake mayarwa zafi a birki. Sakin mota a firi a gangara kuma don Allah a bari, haɗari ne, kuma sabbin motoci in tana cikin giya ka ɗaga ƙafa kwamfutar kanta take yanke man. Gajerun fita da inji mai sanyi su ma suna sha, gara ka tara saƙonninka ka fita sau ɗaya, in akwai wanda hanyarku ɗaya ku haɗa mota ku riƙa karɓa-karɓa. Fulogi da filtar iska a duba su a kan lokaci.

Abu biyu nake roƙo kada a yi. Waɗannan 'yan na'urori da ƙwayoyin da ake tallatawa wai ka jona ko ka jefa a tanki mai ya ragu da rabi, ku riƙe kuɗinku, da gaske ne da kamfanin motar da kansa ya sa. Sai tara fetur a jarka a cikin gida don an ji zai tashi, tururinsa kaɗai ke kama wuta, ba sai ashana ta taɓa ruwan ba, kuma abin da za ka rage bai kai kuɗin labule ɗaya ba. Mai arha da ba ka san asalinsa ba shi ma a kiyaye, in gauraye ne famfon mai da injekta za su biya, a yi gudun gara a faɗa gidan zago.

Hajiya na ga kin tambaya kan mayar da mota ta gas, wannan sai gobe in Allah ya kai mu don maganar tana da tsawo, ya danganta da yawan tafiyarki da ko akwai wurin cikawa kusa da ke. Yaya kai kuma ka yi cikon nan sau biyu ka turo mini lita da kilomita, da shekarar motar, in duba maka. Cajina ya kusa ƙarewa, sai da safe.