Fuskar mai shayarwa a zanen Frida Kahlo

Malama, kin tambayi dalilin da ya sa fuskar mai shayarwa take a rufe a zanen da Frida Kahlo ta yi a 1937, inda ta zana kanta tana shan nono da jikin jaririya amma da kan babbar mace.

An haifi Frida a Meziko a 1907, bayan wata 11 kuma aka haifi ƙanwarta Cristina, shi ya sa aka ɗauko wata 'yar asalin ƙasar ta shayar da Frida. Baƙin abin da ya rufe fuskar irin na dutse ne da mutanen Meziko suke sassaƙawa tun kafin zuwan Turawan Sifaniya. A ganina, nan ne zanen ya fi ƙarfi, domin mahaifin Frida Bajamushe ne, amma tana nuna cewa nonon da ya raine ta na ƙasar ne.

Sai dai ki lura da riƙon da aka yi mata. Babu haɗa ido, babu rungumar uwa, kamar miƙa ta ake yi, ga ɗigon madara yana zubowa daga sama. Wannan yana sosa mini zuciya ƙwarai, domin jaririyar ta sami nono, amma ba ta sami fuskar da za ta kalla ba.