Amsa ga ƙanina mai son sayar da fili ya taho Ingila karatun jini

Ƙanina, saƙonka ya same ni ina aikin dare, sai yau Allah ya nufa na zauna. Ka ce ka gama karatun gwaje-gwajen asibiti a Jami'ar Bayero, kana son digiri na biyu a Ingila kan yadda maganin antibayotik ke sa garkuwar jiki ta farfasa jajayen ƙwayoyin jini har ƙoda ta tsaya. Dalilinka 'yar yayarka mai sikila, wadda aka yi wa allurar Rocephin da hantsi, kafin la'asar fitsarinta ya koma kamar zoɓo, ƙarshe sai da aka yi mata wankin ƙoda. Allah ya ƙara mata sauƙi. Tambayarka ita ce ko ka sayar da filin gadonka na Ɗorayi ka taho.

Kada ka sayar tukuna.

Magungunan da suka fi yin wannan ta'asa su ne seftiriyazon, wato Rocephin ɗin nan, da sefotetan da fiferasilin. Fenisilin ma yana yi idan an daɗe ana ɗura shi da yawa ta jijiya, amma nasa a hankali ne: ya manne a jikin ƙwayar jini, garkuwa ta yi mata shaida, saifa ta dinga tsince ta. Na seftiriyazon kuwa ba ya sallama. Yawanci yaron ya taɓa karɓar allurar a baya lafiya lau, jikinsa ya ƙulla gaba da ita a ɓoye. Ranar da aka sake yi, cikin mintuna ko 'yan sa'o'i ƙwayoyin su fashe a cikin jijiya, himogulobin, sinadarin da ke ba jini launin ja, ya malale. Akwai sinadarin haftogulobin da ke kwashe shi, amma idan ɓarnar ta yi yawa sai ya ƙare, ragowar ta gangara ƙoda, ta ƙona 'yan siraran bututun da ke tace fitsari, ta toshe su. Ga jini ya yi ƙasa, ƙodar ba ta samun rabonta. Fitsari ya ja baya, gishirin fotashiyam ya taru a jini, shi kuma yana iya tsayar da zuciya.

Sau ɗaya na gani da idona a nan. Wajen ƙarfe biyun dare aka aiko da jinin wani yaro, na juya shi a inji, ruwan saman da ya kamata ya fito fatsi-fatsi ya fito ja wur. Na ce ai mai ɗibar jinin ce ta ja sirinji da ƙarfi, na mayar a sake ɗiba. Na biyun ma haka. Kusan sa'a guda na ɓata, har yau idan na tuna sai gabana ya faɗi. Yaron ya rayu, don likitar da ke kansa ta hana allura ta gaba.

Nan ne gizo ke saƙar a Kano. Yaro mai sikila ya ɗashe, idonsa ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu: wa zai zargi allura? Za a ce maleriya ce, ko sikilar ce ta tashi, ko ƙarancin G6PD ne, sinadarin da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, da maganin Septrin ya tayar, wanda shi ba ruwansa da garkuwar jiki. Mafi muni a ce ƙwayar cuta ce ta ci ƙarfin magani, a ƙara masa wata allurar. Alhali gwajin Coombs, wanda aka ƙirƙiro a Kambirij tun 1945, ruwan da ake yin sa da shi yana ɗakin ajiyar jinin kowane babban asibiti. Shi zai nuna garkuwa ce ke cin jinin. Abin da ba zai faɗa ba shi ne wane magani, sai an haɗa ruwan jinin mara lafiya da maganin a gani ko zai kama. Wannan aikin ne ya cancanci ka ƙetare teku dominsa.

Sai dai a nan za ka iya gama karatun digirin na shekara ɗaya ba ka ga mutum ko ɗaya mai ciwon ba. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa haihuwar masu sikila, kuma ka fi ni sanin yadda ake yin Rocephin a bayan kanta a kemis ɗin unguwa. Je ka sashen jini na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ka leƙa asibitin yara na Hasiya Bayero, ka nemi malamin da zai tsaya maka a sami izinin bincike. Duk yaron da jininsa ya zube bayan allura, a yi masa Coombs, a rubuta, a kai rahoto NAFDAC. Da wannan a hannu za ka nemi tallafin karatu na Commonwealth, filinka yana nan.

Ka kuma sani tun Janairun 2024 ɗalibin digiri na biyu na aji, wato ba na bincike ba, ba ya zuwa da iyali sai in gwamnati ce ta ɗauki nauyinsa, aikin da aka yarje masa sa'a 20 ne a mako lokacin karatu, kuma ba ka aiki da sunan masanin gwaji sai da rajistar HCPC, hukumar da ke yi wa irin waɗannan ma'aikatan lafiya rajista a nan. Amaryarka ta san da wannan?

Ita kuwa yarinyar, yau ɗin nan ka sa likitanta ya rubuta a kati cewa ita da seftiriyazon har abada, danginsa ma sai da shawararsa. A liƙe katin da leda, Yaya ta dinga nuna shi ko a kemis. Ka gaida Hajiya, ka ce mata yajin ya iso.