Tambayi Mai Waya: In saka iOS 26 na gwaji ko in haƙura? (Tambayoyi da amsoshin 2025 ne, lokacin da iOS 26 yake gwaji, kafin cikakken ya fito a Satumbar shekarar.)

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah ina da iPhone 12 kuma ita kaɗai ce wayata, da ita nake sana'ar saida atamfa da leshi a WhatsApp, kuɗi ma ta nan suke shigowa. To ƙanina ya saka wannan sabon iOS 26 ɗin a tashi wayar, komai ya koma kamar gilashi, wallahi abun ya burge ni, shi ne yake ta cewa in kawo ya saka min wai kyauta ne. Amma na ji wasu na cewa beta ne. Mene ne beta ɗin, kuma me ya ƙaru a ciki da har ake ta hayaniya? Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara kasuwa. Ƙanin naki bai yi ƙarya ba, kyauta ne, sai dai bai faɗa miki sauran zancen ba. Beta na nufin tuwon bai gama nuna ba aka ɗebo aka ce ku ɗanɗana ku faɗi inda gari ya yi gudaji. Apple sun nuna iOS 26 ne ranar 9 ga Yuni 2025 a taronsu na WWDC can Kalifoniya, a ranar suka saki na masu haɗa manhaja, na gama-gari kuma ya fito 24 ga Yuli. Cikakken bisa al'adarsu sai Satumba. Kar lambar ta ruɗe ki, daga 18 aka yi tsalle zuwa 26 saboda yanzu da shekarar da ke tafe suke sa suna, ba wai kin rasa guda bakwai ba ne.

Gilashin nan da ya tafi da ke sunansa Liquid Glass, kuma tun iOS 7 na 2013 ba su taɓa sauya fuskar waya haka ba. Maɓallai da sandunan ƙasa duk sun zama garai-garai ana hango abin da ke bayansu. Kyau kam akwai shi, amma a beta na farko in kika jawo Control Center, wato allon nan mai maɓallan WiFi da tocila, rubutu da hoton baya sai su cakuɗe ki rasa me kike dannawa, mutane suka yi ta ƙorafi, a na biyu aka ƙara duhun bayan, a na uku aka rage gilashin sosai har wasu suka ce to ina abin da aka yi mana alkawari, a na huɗu kuma aka dawo da wani sashe. Kin ga su kansu masu abun ba su tsaya waje ɗaya ba. Wanda idonsa ke wahala zai iya shiga Settings, Accessibility, Display & Text Size ya kunna Reduce Transparency.

Ni a wurina ƙananan abubuwan ne ma suka fi amfani. In kika jona caji yanzu wayar za ta faɗa miki minti nawa ya rage ta kai kashi 80, wanda ke sauraron ƙarar janareton maƙwabci ko yake jiran a ɗauke wuta kowane lokaci ya san darajar wannan. Ƙararrawar tashi daga barci kuma, shekara da shekaru in ka danna a ɗan jinkirta minti 9 ne ba ƙari ba ragi, yanzu kai za ka zaɓa daga minti 1 zuwa 15. Sai dai a na gwajin maɓallin kashewa ya zama ƙato a allon, mai magagin barci na iya kashe ta gaba ɗaya ya tashi rana ta fito, asuba ta wuce. An sauƙaƙa kyamara, hoto da bidiyo ne kawai a gaba sauran sai ka ja gefe. A Messages an saka ƙuri'a a guruf da hoton baya, wanda mu 'yan WhatsApp mun daɗe da su, ba wani labari.

Akwai kuma Call Screening, in baƙuwar lamba ta kira wayar ce za ta ɗauka ta tambayi mutum sunansa da abin da ya kawo shi, sannan ta rubuto miki a allo ki ga ko za ki amsa. Ga masu damfarar nan na “an turo miki kuɗi bisa kuskure” maganinsu kenan. Amma ba ya jin Hausa, kuma ba kowace ƙasa aka buɗe shi ba. Ke da kwastoma ke kira da sabbin lambobi kullum, ki ɗauka wata Hajiya ta kira daga Funtuwa tana son turmi biyar ta ji na'ura na yi mata Turanci, ai kashewa za ta yi ta kira wata.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Ni na saka beta na farko a tsohuwar wayata da ba na komai da ita, kwana biyun farko ta yi zafi kamar an ɗora ta a murhu, batir kuma kafin la'asar ya ƙare, sannan manhajar wani banki da nake amfani da ita ta ƙi buɗewa sam, ina dannawa tana fita. Ba laifin bankin ba ne, ba su gama gyara tasu ta dace da sabon tsarin ba, kuma ba wanda ya yi musu dole kafin cikakken ya fito. Ki ce wannan ta faru da ke ranar da ake jiran ki tabbatar da alat.

Kuma fita ba kamar shiga ba ce. Shiga danna uku ne, Settings, General, Software Update, ki kunna Beta Updates, sai data mai yawa don gigabait da dama ne. Komawa iOS 18 kuwa, a lokacin gwajin na 2025, sai an haɗa da kwamfuta an goge wayar tas, kuma ajiyar bayanai (backup) da kika yi a kan 26 ba za ta hau kan 18 ba, in ba ki da tsohuwar ajiya hotunan kaya da hirarrakin kwastoma sai dai wani ikon Allah. Ki bar ƙanin naki ya ci gaba da ɗanɗana mana, ke ki jira Satumba, in ya fito ma ki ƙara sati biyu.

TAMBAYA: Yallaɓai na sayi 14 Pro a hannun wani amma Beta Updates ɗin bai nuna min 26 ba, 18 kawai nake gani. Ko sai an yi min flashin? Daga wani ɗan'uwa a Kano.

AMSA: Ɗan'uwa kafin ka kai ta kasuwar waya ta Farm Centre a taɓa, shiga Settings, General, About ka duba Model Name. Ina jin tsoron XR za ka gani. Akwai XR da ake sauya wa gida a saka mata na 13 Pro ko 14 Pro, waje sabo ciki tsoho, kuma iOS 26 daga iPhone 11 ya fara, XR da XS da XS Max an bar su a 18 saboda injinsu A12 ne. Flashin ba zai sauya inji ba. In kuwa da gaske 14 Pro ce, ka shiga shafin beta na Apple da asusunka ka yi rajista, ka kashe wayar ka kunna, zai fito.

TAMBAYA: Wai gaskiya ne iOS 26 yana fassara magana ana cikin kira? Ina sayen kaya wajen masu Faransanci. Daga Maraɗi.

AMSA: Gaskiya ne Alhaji, Live Translation sunansa, a kira ya fara a 2025 da Turanci, Faransanci, Jamusanci, Sifaniyanci da yaren Fotugal. Babu Hausa, ke nan sai in kana jin ɗaya daga ciki zai kai ka ga ɗayan. Kuma sai iPhone 15 Pro zuwa sama.

TAMBAYA: Mu masu Tecno fa? An turo min link a guruf wai iOS 26 na Android.

AMSA: Kar ka danna, ƙanina. iOS ba ya hawa Android, in ka yi sa'a fenti ne kawai da zai cika maka waya da talla, in ba ka yi sa'a ba manhajar sata ce mai karanta saƙonnin banki. Naku na 2025 shi ne Android 16, ya fito 10 ga Yuni, wayoyin Pixel na Google daga 6 zuwa sama suka fara samu. Tecno da Infinix sai kamfanin ya ɗora HiOS ko XOS ɗinsa a kai tukuna, kuma ba kowace ƙira ake ba, in taka na ciki a Settings za ka ga sanarwar.