Ku Tambaya Mu Amsa: Wanda ya ci albashi a kulob zai iya komawa buga wa jami'a?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mai bibiyar ƙwallon kwando ne, akwai abin da ya ɗaure min kai. Na taso ina jin cewa a Amurka ɗalibin da ke buga wa jami'a ba ya karɓar ko sisi, in ya karɓa korarsa ake yi, sai ga shi yanzu ina jin waɗanda suka buga wa manyan kulob a Turai suna komawa jami'a. Dokar ce ta canza ko dama ƙarya ake mana? Kuma haka abin yake a sauran ƙasashe?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ba ƙarya aka maka ba, da can haka abin yake, kuma ba da wasa ake yi ba. Hukumar NCAA da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, wadda aka kafa tun 1906, ta daɗe a kan cewa ɗalibi ɗalibi ne, hakkinsa kuɗin makaranta da ɗaki da abinci, shi ke nan. Ka tuna Enes Kanter, ɗan Turkiyya? Jami'ar Kentucky ta ɗauke shi a 2010 amma ko wasa ɗaya bai buga mata ba, saboda an gano kulob ɗin Fenerbahce ya ba shi kusan dala 33,000 sama da kuɗin ɗawainiyarsa, aka haramta masa gaba ɗaya, sai zaman benci ya yi har NBA, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, ta ɗauke shi a 2011. Duk wannan fa a lokacin da gasar ƙarshen kaka ta watan Maris, mai ƙungiyoyi 68, take kawo wa hukumar maƙudan kuɗi daga gidajen talabijin, kociyoyi na kwasar miliyoyi, yaran da ake zuwa kallo kuma hannu rabbana. Ni dai ban taɓa ganin adalci a wannan tsarin ba.

Kotu ce ta rushe ginin. A watan Yunin 2021 kotun ƙolin Amurka, alƙalai tara baki ɗaya, ta yanke hukunci a kan NCAA a shari'ar Alston, daga 1 ga Yuli na shekarar kuma aka ba ɗalibai damar cin kuɗi da sunansu da hotonsu, wato su yi talla a biya su. Sai kuma 2025 da aka amince da sasancin shari'ar House, wanda ya ba kowace jami'ar da ta shiga tsarin damar raba wa 'yan wasanta kuɗi kai tsaye har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko, ban da diyyar kusan dala biliyan 2.8 ga waɗanda suka buga a baya. Toh ka ga tunda jami'a da kanta tana biya, da wane baki za ta ce wa yaron da ya ci ɗan albashi a Turai kai ƙwararre ne ba ka shiga?

Tun a 2024 ma Egor Demin ya baro Real Madrid ya tafi jami'ar BYU, Kasparas Jakucionis ya baro Barcelona ya tafi jami'ar Illinois. Wanda ya fi tayar da ƙura shi ne James Nnaji, ɗan Najeriya, wanda NBA ta zaɓa a lamba 31 a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2023 amma bai taɓa sa hannu a kwantiraginta ba, a ƙarshen 2025 sai ga shi a jami'ar Baylor, kociyoyi da yawa suka yi ta ƙorafi. Matsayin hukumar NCAA dai a ƙarshen 2025 shi ne wanda ya sa hannu a kwantiragin NBA ƙofa ta rufe masa. Wato yanzu ba "ka ci kuɗi?" ake fara tambaya ba, "da wa ka sa hannu?" ake dubawa, kuma kowane mutum fayil ɗinsa daban ake bincika.

Kanada sun fi sauƙin kai. Hukumarsu U Sports tana da yarjejeniya da gasar ƙwararru ta CEBL wadda ta fara a 2019, ɗalibi ya buga musu lokacin hutun bazara ya dawo jami'arsa ya ci gaba, babu wanda zai ce masa kanzil. A Filifin kuwa, inda gasar jami'o'i ta UAAP ke cika filin wasa maƙil, rigimarsu ta fi karkata kan shekaru da baƙi, ɗan ƙasar waje ɗaya tak ake ba kowace jami'a, kuma 'yan Afirka irin su Ben Mbala na Kamaru sun yi suna a can sosai. Turai ma maganar ba ta taso ba don jami'a ba ita ce hanyar ba, kulob ke rainon yaro tun yana ƙarami, Luka Doncic yana shekara 16 ya fara buga wa babbar ƙungiyar Real Madrid.

TAMBAYA: Malam, me ya sa wasu ke yin shekara ɗaya kacal a jami'a su gudu NBA? Ba asarar karatu ba ce?

AMSA: 'Yar uwa, yawancinsu dama ba karatun ne ya kai su ba. Kevin Garnett a 1995, Kobe Bryant a 1996, LeBron James a 2003, duk daga sakandare suka wuce NBA kai tsaye. Daga 2006 sai aka ce sai ɗan wasa ya kai shekara 19 a shekarar zaɓen, in ɗan Amurka ne kuma sai ya yi shekara ɗaya da gama sakandare, toh ina zai je ya jira in ba jami'a ba? Dokar NBA ce wannan fa, ba ta jami'a ba, mutane na yawan haɗa su. Mata tasu ta fi tsauri, a WNBA 'yar Amurka sai ta kai 22 ko ta gama digiri, 'yar waje kuma 20.

Amma yanzu lissafin ya juya. Yaron da ba shi da tabbacin za a zaɓe shi a zagayen farko, inda kwantiragi ke da garanti, yana iya samun abin da ya fi haka in ya zauna a makaranta, shi ya sa za ki ga sun miƙa suna, sun je gwaji, sun ji farashinsu, kafin wa'adi ya cika sun janye sun koma aji.