Me ya sa ɗan wasanka bai ji tahowar Keke Napep ba?

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce ka haɗa wasan sauti, wanda ake bugawa da kunne kaɗai, da yaren kwamfuta na Python da pygame, kayan haɗa wasa na Python, inda ɗan wasa zai tsallaka Ahmadu Bello Way ya shiga Kasuwar Sheikh Gumi. Ka bai wa abokinka makaho ya gwada, Keke Napep ya buge shi sau goma a jere, ya cire iyafis ya ce komai a tsakiyar kansa yake ji. Kana son sanin inda gizo ke saƙar, da yadda za ka raba wasan in ya gyaru.

Fara da abu mai sauƙi. Duba na'urarsa ko an kunna sautin mono, mai haɗe hagu da dama wuri guda, a sashen taimaka wa masu buƙata ta musamman. Windows na da shi, Android ma haka, kuma in yana kunne to kunnen hagu da na dama abu ɗaya za su riƙa ji duk ƙwarewarka. Shi ya sa kowane wasa ya kamata ya buɗe da gwajin kunne: murya ta ce "hagu" a hagu, ta ce "dama" a dama. Da wannan kaɗai za ka kama wanda ya sa iyafis a baibai.

In ba nan ba ne, ina kyautata zaton fayilolinka ne. Duk abin da zai motsa a cikin wasa, keke ne, babur ne, mai tura baro ne, a mono ake ajiye shi. Fayil ɗin sitiriyo ya riga ya zo da nasa hagu da dama, in ka ce za ka juya shi sai ya cakuɗe. Buɗe su a Audacity, manhajar gyaran sauti, ka mayar da su mono, 44,100 Hz. Hayaniyar kasuwa ta bayan fage ce kawai za ka bari a sitiriyo.

Sai tarkon da pygame ke ɗana wa sababbi. Duk sanda tasha, wato layin da pygame ke fitar da sauti ɗaya ta cikinsa, ta fara kunna sabon sauti, ƙarar da ka saita mata tana komawa yadda take tun asali. Saboda haka ka kunna tukuna, sannan ka kira set_volume da lambar hagu da ta dama, ka kuma ci gaba da kiranta a kowane zagayen wasa, aƙalla sau 30 a daƙiƙa, muddin keken na tafiya. Wanda ya saita sau ɗaya kafin kunnawa, kekensa a tsakiyar kai zai zauna daram. Wani tarkon kuma tashoshi 8 kacal pygame ke ba ka da farko. In suka cika, sauti na tara ba ya fita, kuma ba zai yi maka ƙorafi ba. Titi mai motoci shida da takun ƙafa da hayaniya ya riga ya cinye su, sai ƙahon da zai ceci ɗan wasa ya zama shi ne ya ɓace. Ɗaga su zuwa 32.

Kan rabon ƙara tsakanin kunnuwa, kada ka yi rabi da rabi a tsakiya. In ka ba kowane kunne 0.5, ƙarar tana faɗuwa daidai lokacin da keken ya zo gaban mutum, sai ya zaci nisa ya yi, ya sa ƙafa. Ɗauki matsayin keken a matsayin kusurwa daga digiri 0 zuwa 90, ka ba hagu cos ɗinta, dama sin ɗinta. A tsakiya kowanne zai samu 0.71, ƙarfin ya tsaya yadda yake. Nisa kuwa, a fili duk sanda ya ninka, ƙara na raguwa da desibel 6, wato lambarka ta rabu biyu: 1 a mita ɗaya, 0.5 a mita biyu, 0.25 a mita huɗu. Amma kada ka bi wannan lissafi ido rufe. Ka tabbata ana jin keken daƙiƙa uku kafin ya iso, ka kuma sauke hayaniyar kasuwa sosai ƙasa da shi. Na san kana alfahari da sautin da ka ɗauko na masu kiran ciniki, yana da daɗi, amma in ya rufe injin keke ya zama cuta.

Gaba da baya su ne masu wuya, don hagu da dama ba sa bayyana su. A zahiri siffar kunne da kai ne ke tace sautin da ya fito ta baya, ya ɗan dushe. Manhajar sauti ta OpenAL Soft na kwaikwayon wannan da abin da ake kira HRTF, amma a inda kake yanzu akwai hanya mai arha. Tunda pygame ba ya sauya kaifin sauti yana cikin tafiya, yi kwafi biyu na kowane inji a Audacity: na asali don gaba, da wanda ka rage wa kaifi da kusan kashi 6 cikin ɗari ka kuma datse masa siraran amo don baya. In keken ya wuce, ka sauya fayil. Cikin minti biyu kunnen ɗan wasa zai haddace dokar, in dai ba ka karya ta ko sau ɗaya ba.

Ka lura da jinkiri ma. Ma'ajin sauti (buffer), inda ake tara sauti kafin ya fita, na 512 yana jinkirta sauti da kusan milisakan 12, na 4096 kuwa ya haura 90. Iyafis na Bluetooth kan ƙara sama da 100 a kai. A wasan da rabin daƙiƙa ke raba tsira da bugewa, gaya wa mutane su yi amfani da mai waya. Kuma kada ka sa MP3 a sautin da ke maimaita kansa, don yana ƙara ɗan shiru a farkon fayil, sai injin ya riƙa tsinkewa kamar mai shaƙuwa. Yi Ogg ko WAV, ka danna Z a Audacity kafin ka yanka, don yankan ya faɗa inda igiyar sautin ke kan sifiri, kada a ji "ƙas" a mahaɗa.

Ba ka tambayi maganar murya ba, amma sai na faɗa. Muryar Turanci ta manhajar karanta allo, in ta ci karo da Hausa, ƙ da ɗ da ɓ duk sai ta tattake su. Samu mai murya garau ka naɗa da kanka, da dare bayan janaretocin unguwa sun yi shiru, a ɗaki mai katifa da labule, waya tazarar taƙi ɗaya daga baki. Lambobi ba sai ka naɗi dubu ba. Sifiri zuwa goma, "sha", ashirin zuwa casa'in, ɗari, dubu, sai "da": fayil 23 ke nan, kuma da su za ka harhaɗa kowane maki. Ƙara da sashen koyon sautuka, inda ɗan wasa zai bi su ɗaya bayan ɗaya ana faɗa masa sunan kowanne kafin ya shiga titi.

Rabawa kuwa, haɗa shi da PyInstaller, mai mayar da shirin Python fayil ɗin da ake buɗewa kai tsaye, ka matse a ZIP, ka tura ta WhatsApp a matsayin takarda. Minti ɗaya na WAV mono ya haura megabait 5, Ogg kuwa kusan rabin megabait, kuma ka san tsadar data. Manhajojin kare kwamfuta kan zargi fayil ɗin PyInstaller ba gaira ba dalili, don haka ka faɗa wa mutane tun a saƙo. Bayanin wasa ya zama rubutu zalla, ba hoto ba, kuma ka rubuta a ciki cewa in manhajar karanta allo ta NVDA na katsalandan a madannan kibiya, a kwantar da ita da madannin NVDA da Shift da S, ko Z maimakon S a tsarin laftof. Sautin da ka ɗauko daga shafin sautuka na Freesound, duba lasisinsa. Mai CC0 ba ya buƙatar komai, mai CC BY sai ka ambaci mai shi.

Da yawa za su ce maka waya gare su, ba kwamfuta ba. Wannan sabon gini ne, da irin su Godot, manhajar haɗa wasa mai fitar da APK, fayil ɗin manhajar Android, kuma a can TalkBack, manhajar karanta allo ta Android, ce ke kama taɓin yatsa kafin ya iso wasanka, don haka dole wasan ya yi magana da kansa tun daga daƙiƙar farko. Bar wannan tukuna. Gyara na kwamfutar, kashe allonka gaba ɗaya, ka tsallaka titin sau biyar a jere. In ka iya, koma wurin abokin naka ka zauna gefensa, bakinka alaikum, ka rubuta duk inda ya tsaya yana jinkiri. Kawo min takardar ranar Asabar mu duba tare.